Wandon da Kakanmu Ya Yanka

Saura ƙiris ban rubuta wannan ba, don karatuna bai yi nisa ba, kuma labarin yayata Vinka ne. Ita ta ce in rubuta.

Shagon babanmu Jere yana bakin teku a garin Split, wandon iyo na maza kawai muke ɗinkawa. A bango an rataye na kowane zamani: na ulu mai zazzagowa in ya sha ruwa, na bayansa mai farin bel wanda kakanmu ya yanka, sai ɗan matsattsen da 'yan picigin, masu buga ƙwallo da tafi cikin ruwa, ba sa shiga sai da shi.

Wata Asabar wani dogon saurayi ɗan Zagreb, babban birninmu, ya shigo, sunansa Tiho.

"Barba," ya ce wa Baba, yadda ake kiran dattijo a garinmu, "akwai mai kaiwa gwiwa?"

"Siket kake nema? Shagon mata na gaba," in ji Baba.

Dariya ta ƙwace wa Vinka. Tiho ya juyo ya dube ta, ya manta abin da ya kawo shi.

Kafin wata biyu kullum sai saƙonsa ya shigo wayarta: "'Yar kifina, Zagreb babu teku, babu ke. Me nake yi a nan?"

Da Tiho ya nemi aurenta, Baba ya ƙi. "Namijin da ke ɓoye wa teku cinyarsa, me kuma yake ɓoyewa?"

Tiho mai zanen tufafi ne a wani kamfani. Ya yi ta roƙon Vinka ta nuna masa takardun yankan Kaka, waɗanda ke cikin gwangwanin biskit, Baba ba ya nuna wa kowa. Wata rana da Baba ya fita shan kofi, ta buɗe masa. Har ta shiga ciki kawo masa ruwa.

Da bazara ta zagayo, wata abokiyar aikinsa, Mirela, ta shigo shago tana taunar cingam. Ta miƙa wa Vinka waya. Ga hoton wandon Kaka, farin bel, har ɗan aljihun mukulli na ciki, da sunan kamfaninsu a jiki.

"Au, bai faɗa miki ba? Ni da shi muka yi aikin."

Baba bai yi faɗa ba. Ya sauke mai farin bel daga bango, ya ninke.

"Wa ya buɗe gwangwanin?"

"Ni ce, Baba."

Sati uku bai sake ce mata uffan ba.

Tiho ya rubuto: "Gaskiya ne, na ɗauki hoto da kika shiga ciki. So nake oga ya yaba ni. Mirela ba komai tsakaninmu. Ba ni da hujja."

Vinka ta amsa: "Da hannuna ka yi wa babana sata. Kar ka ƙara kirana kifinka."

Kamfani ya ƙi janye wandon, Tiho ya ajiye aiki. Ya zo ya tsaya gaban Baba ya faɗi laifinsa da bakinsa. Baba ya tura masa kwando cike da robar ƙugun wando ya ce ya zura. Haka ya yi ta zura roba har sanyi ya shigo, Vinka ko kallonsa ba ta yi.

Ranar sabuwar shekara 'yan picigin suka shiga ruwa kamar yadda suka saba. Baba ya jefa wa Tiho matsattsen wando.

"Shiga."

Ya shiga, haƙora na kaɗawa.

"Kai ɗan Zagreb, wannan ƙafafu ne ko taliya?" tsofaffi suka yi ta masa tsiya.

Da ya fito, Baba ya ce, "Ni na huce. Wadda ka fi cuta tana can."

Vinka ta miƙa masa tawul. Ya kasa ɗaga kai.

"Vinka, in kin ce in tafi, zan tafi."

"Zan aure ka, don na kasa daina sonka. Amma ban manta ba, Tiho."

A watan Mayu aka ɗaura aure a coci. Baba ya dafa kansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya raba su da ɓoye-ɓoye.

Washegari da safe Vinka ta fito da wani sabon yanka a takarda, nata na kanta, wanda babu wanda ya taɓa gani. Ta shimfiɗa shi a tebur kusa da wayar mijinta mai ɗaukar hoto, ta ɗauki kwando ta tafi kasuwar kifi. Ba ta yi saurin dawowa ba.