Gadar da Ban Sauke Ba

Shekara ashirin ina tsaron ƙofar fadar ubangidanmu, kuma dokar ɗaya ce: da ƙararrawar faɗuwar rana ta kaɗa, a ja sarƙa a ɗage gadar gwalalo, ramin ruwan da ya kewaye fadar, ba a sauke wa kowa sai gari ya waye.

Bara da hunturu matata Aldith ta makara a ƙauye. Daga saman ganuwa na ce ta koma ta kwana gidan yayarta. Ta ga ruwan gwalalon ya daskare, ta taka. Sai da ƙanƙara ta narke muka sami gawarta.

Jiya ina gama ɗaure sarƙa, warin laka ya cika ɗakin tsaro. Wata mata ta yi kira daga ƙetare.

"Mai ƙofa, a taimaka."

"Baiwar Allah, an ɗage. Sai da safe."

Ta yi 'yar dariya. "Kai dai Osbert, ba ka sauya hali. Ga sanyi, ko hular da na saƙa maka ba ka sa ba."

Ban san lokacin da na saki sarƙar ba. A yi mini bulala, a kore ni. Na fita kan gadar da fitila ina kiran sunanta.

Na ji takunta a hankali, da ɗingishin nan nata na ƙafar hagu, amma ban ga kowa ba. Ta ƙarƙashin katakon takun yake tahowa. Ya zo daidai tafin ƙafata ya tsaya.

"Sai yanzu, maigida?"