Rufin Siton Siminti

Iskar da ta zo gabanin ruwan la'asar ta ɗauke rufin siton siminti ɗungurungum, ta watsar da kwanukan a titi. Ɗaya daga ciki ya sari Baba maigadi a cinya, a daidai rumfar mai faci da ke jingine da katangar siton. Washegari da safe Sufeton 'yan sanda ya isa wurin, ya tarar da jinin da ruwa bai gama wankewa ba a kan tsakuwa.

Wakiliyar kamfanin inshora ce ta kai ƙara. Tana tsaye da lema a hannu, fuskarta ba walwala.

"Ranka ya daɗe, duk layin nan babu rufin da ya tashi sai wannan. Ga rumfar mai faci nan, da buhu aka rufe ta, ko gezau ba ta yi ba."

"Iska ai ba ta bin layi, malama."

"Haka ne. Amma rufin nan sabo ne." Ta rage murya. "In iska ce kaɗai, za mu biya rufi da siminti, mu biya jinyar maigadin, don yana cikin inshorar. In da hannun mutum, ko sisi ba za mu fitar ba. Likita ya ce tiyata ce babba, asibiti kuma ba za su taɓa shi ba sai mun amsa za mu biya. In aka ɓata lokaci, yanke ƙafar za a yi."

Sufeto ya waiga. Wata tsohuwa na zaune a kan bulo, ta rungume kwanon abinci ɗaure cikin ɗankwali. Matar maigadin ce, ta zo jin ko kamfani ya amsa. Ya ji aikin ya fita ransa tun bai fara ba.

Ya sa tsani ya hau. Ya ga rufi da yawa da iska ta yaye a aikinsa: ƙusa takan zauna daram a katako, kwanon ne ke yagewa ya bar ta. A nan sahun gaba kaɗai ke da ƙusoshi. Sauran katakon ramuka ne fayau, babu komai a ciki. Ya sauko ya duba ƙasa, ciki da waje. Ko ƙusa ɗaya bai tsinta ba.

A cikin siton ya sa aka ɗaga buhunan. Na sama ruwan jiya ya jiƙa su, har yanzu yatsa na shiga. Na ƙasa kuwa sun zama dutse, kuma daga gindi suka daskare, inda suka daɗe kwance a kan daɓe mai laima ba katako a ƙarƙashinsu. Simintin nan ya mutu tun kafin hadari ya haɗu.

Mai siminti ya iso a mota, ƙato mai tumbi, yana ta sallallami da ƙarfi don kowa ya ji.

"Ikon Allah ne, Sufeto! Wa ya isa ya tare iska?"

"Ina kake kafin ruwan?"

"Na yi tafiya sarin kaya, jiya da dare na dawo. A tambayi direbana."

"Simintin ƙasa fa, yaushe ya daskare?"

"Jiya mana. In kuma akwai laifi, na kafintan da ya yi rufin ne, macuci. Shi za ku kama."

Direba ya tabbatar da tafiyar. Ko ba don haka ba, tsanin da zai ɗauki wannan tumbin ba a ƙera shi ba tukuna.

Aka kawo kafinta, hannunsa na dama rataye a wuya, ɗaure da karan ɗori. Tun watan jiya ya faɗo daga wani gini, duk unguwa an sani. Sufeto ya nuna masa kwano ɗaya. Ya tsuguna ya shafa ramukan da hannun hagu.

"Yallaɓai, wannan zarewa aka yi. Kuma wallahi gwani ne."

"Ta yaya ka sani?"

"Dubi gefen ramin, babu lotsawa. In ɗan koyo ya sa bakin hama ya ɓanɓaro ƙusa, sai ya lotsa kwanon. Wannan guntun katako ya riƙa sawa ƙarƙashin hamar don kada ya ɓata kwano. Tsofaffin hannu ke yin haka. Mu na yanzu ina muka ga wannan haƙurin?"

Abin takaici, mutum ya hau ya lalata rufi, amma hannunsa ya ƙi yarda ya lotsa kwano. Sufeto ya sallami kafinta.

Saura mai faci. An ce sun sha cacar baki da mai siminti kan ruwan indararo da ke zuba masa a rumfa.

"Ni in cire rufin da ke bisa kaina? Haba yallaɓai, ai ban gaji da duniya ba." Idanunsa suka kawo ruwa. "Baba ne ya cece ni. Iska na tasowa ya fito a guje yana cewa in bar jikin katangar nan, in bar ta yanzu. Ina matsawa kwanon ya same shi."

"Kafin rufin ya motsa ya ce maka haka?"

"Ko ƙara bai fara yi ba."

"Wa ka taɓa gani a saman rufin?"

"Babu kowa sai Baba. Yakan hau ya share ganye in damina ta kusa. Ai tsohon kafinta ne, ciwon baya ya sa ya koma gadi."

Sufeto ya so a ce bai yi wannan tambayar ba.

Ya roƙi tsohuwar ta buɗe masa ɗakin gadi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da gadon ƙarfe, da buta, da tocila rataye a bango. Ya tambaye ta ko Baba na da kayan aiki.

"Yana da su mana, ɗan nan." Ta durƙusa da ƙyar ta jawo gwangwanin fenti daga ƙarƙashin gado. Cike yake da ƙusoshin rufi masu hula, an miƙar da kowace tsaf. Ta yi ɗan murmushi. "Malam ke nan. Tun ina amarya ban taɓa ganin ya yar da ƙusa ba. Ko a hanya ya gani sai ya ɗauka ya miƙar."

Sufeto ya karɓi gwangwanin, ya kasa haɗa ido da ita.

A asibiti Baba na kwance, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Sufeto ya ajiye gwangwanin a gefen gado. Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Alhaji mai siminti ne ya sa ni," ya ce a hankali. "Ya ce siminti ya lalace, in inshora ba ta biya ba zai rufe siton, ni kuma in nemi inda zan nufa. Ya ce in bar sahu ɗaya, iska za ta ƙarasa. Na ce a ina mai shekaruna zai sami wani gadin? Sai na hau."

"Me ya hana ka zubar da ƙusoshin, Baba?"

"Lafiyarsu ƙalau, yallaɓai. Yaya zan zubar?"

A ofis Sufeto ya jera wa mai siminti abin daki-daki, wakiliyar inshora na saurare. Simintin ya mutu da laimar ƙasa, don haka yana bukatar ruwan sama ya ɗauki laifin. Ya yi tafiya don a shaide shi ba ya gari. Ramukan sun nuna hannun tsohon kafinta, kuma mutum ɗaya ne ya san rufin zai tashi tun kafin ya motsa. Mai siminti ya yi ta rantse-rantse har muryarsa ta dushe, sannan aka sa masa ankwa.

"Sai ka biya jinyar tsohon nan daga aljihunka," in ji Sufeto.

"Da me? Motar ma ba tawa ba ce."

Sufeto ya dubi wakiliyar. "Malama, ko jinyar kaɗai?"

"Na roƙi manyana, ranka ya daɗe. Sun ce wanda ya zare ƙusa da hannunsa ba a biyansa."

Sufeto ya sha kama ɓarayi ya koma gida ya ci abinci da daɗi. Wannan karon baƙin ciki ne ya cika shi, yana jin haushin mai siminti, yana jin haushin kansa.

Kwanaki suka shige ana neman taimako ba a haɗa komai ba. Ranar da ya koma asibiti ɗaukar sauran bayani, ya sami tsohuwar a kan benci a baranda. Tana ganinsa ta miƙe.

"Ɗan nan, kamfanin sun amsa?"

"Ba za su biya ba, Iya."

"Saboda gwangwanin?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni na jawo maka shi da hannuna," ta ce, ta koma ta zauna.

Nas ta fito da takarda da tawadar dangwale. Ta ce likita ba zai ƙara jira ba, ciwon yana hawa sama, sai iyali sun sa hannu a yanke ƙafar daga cinya. Tsohuwar ba ta iya rubutu ba. Ta dubi Sufeto, don babu wanda ta sani a wurin sai shi.

"Wane yatsa zan sa?"

Sufeto ya riƙe mata takardar, ya nuna mata babban yatsanta na dama.