Ranar da Warren Ya Aske Gemu

"Kowa ya koma inda ya zauna rannan! Gaétane, kujerar bakin taga ce taki. Ke Solange, a ƙasa kika zauna, kada ki hau mini kujera!"

Tsoho Réjean ke nan, direban bas mai ritaya, tsaye a tsakiyar falo cikin rigar ƙungiyar Montreal ta hoki, wasan sanda da ake yi a kan ƙanƙara, rigar da rabonta da ruwa tun farkon wasannin fitar da gwani. Mu nan Montreal mun san da ƙanƙara ta fara narkewa, lokacin wasannin ke nan, hankalin maza yakan bar jikinsu. Ba mai aske gemu sai an fitar da ƙungiyarsa. Amma na Réjean ya fi na kowa, domin shi ya yarda har ransa cewa daga falonsa ake cin wasa.

Solange, 'yarsa tilo, ta zauna, ta saci kallon saurayinta Warren. Makanike ne daga Toronto. Ranar wasan farko ya zo neman aurenta, bai san ranar ba ta magana ba ce. Aka miƙa masa wata 'yar kujerar kicin mai gurguwar ƙafa, aka ce ya yi shiru. Sai kuwa aka ci wasan.

"Maganar aure sai an gama wasanni," in ji tsohon a ranar. "Amma kujerar nan taka ce, kuma kada reza ta kusanci fuskarka."

Bawan Allah ya kwashi hutunsa na shekara kacokan, ya tare a ɗakin wani abokinsa, kullum yana kan gurguwar kujera yana sosa haɓa. Ita kuwa Solange ta riga ta faɗa masa, ko za ta mutu da sonsa ba za ta aure shi ba sai da yardar mahaifinta. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu suka rage.

Da an tafi hutu a tsakiyar wasa, Gwaggo Gaétane, yayar Réjean, takan buɗe nata wasan.

"Wai Toronto! Garin da za ka biya hayar gida a ba ka akurkin kaza? Mutum ya fita aiki da duhu ya dawo da duhu, rabin ransa ya ƙare a cunkoson motoci. Maƙwabcinka ya mutu sai wari ya sanar da kai!"

"Haba Gwaggo," in ji Warren da gurɓataccen Faransancinsa na ɗan garin masu Ingilishi, "ai akwai aiki, albashi ma ya fi. Ga bakin tafki, ga abincin kowace ƙasa. Ku kuma ramukan titinku ne ke ciyar da mu makanikai."

"Ji shi! Da ramukanmu muka fi ku. Nan mutum yana zama a barandarsa ya yi hira da na ƙetaren titi. Ku kuwa a tsaye kuke cin abinci."

"Bar shi, Gaétane," Réjean ya tsoma baki idonsa na kan talabijin. "Mutanen da rabonsu da cin kofin hoki tun ina ɗan firamare, me suka sani game da daɗin duniya?"

Aka yi dariya, ban da Solange. Ta san ba haya ko kofi ke cin ran mahaifinta ba. Tsoro yake ta tafi ta bar shi da bango huɗu, kuma girman kai ba zai bar shi ya furta ba.

Akwai kuma abin da ita kaɗai ta sani. Warren ya nemi aikin kashe gobara a nan Montreal don kada ya raba ta da tsohon, an kuma kira shi gwaji. Mai gemu ba ya shiga gwajin, domin abin rufe fuskar da suke shaƙar iska da shi ba ya kama fuska mai gashi.

"Mu faɗa wa Baba mana!" ta roƙe shi a waya.

"A'a, Solange. In na faɗa na kuma faɗi gwajin fa? Ya sa rai ke nan a banza, ya ce na yaudare shi don ya ba ni ke. Ki yi mini alkawari."

Ta yi alkawarin.

Ranar Alhamis da yamma Warren ya shigo fuskarsa sumul kamar ta jariri. Gwaggo ta dafe ƙirji. Réjean ya dube shi, ya sake dubansa, ya mai da ido kan talabijin saboda an riga an take wasa. Solange ta yi ta addu'a a zuci, ita da ko dokokin wasan ba su dame ta ba. Ina! Ranar golan Montreal kamar an ɗaure masa hannu. Aka lallasa su, ya rage wasa ɗaya tak, in suka faɗi sun fita.

Tsohon ya kashe talabijin ya miƙe ya nuna Warren da yatsa.

"Abu ɗaya na roƙe ka. Abu ɗaya! Gashin da Allah ke tsiro maka kyauta ka kasa riƙe mini shi, sai 'yata za ka riƙe? Fita mini daga gida!"

"Baba, don Allah ka saurare..."

"Ke rufe mini baki! Ko ki bi shi Toronton, ai dama can hankalinki yake."

Maganar tana bakinta, kalma biyu ta isa ta wanke Warren. Ta dubi Warren, ya girgiza mata kai a hankali, ya ɗauki hularsa ya fita. Ta durƙushe a wurin tana kuka kamar ranta zai fita.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama kamar gidan makoki. Gwaggo ta samu abin yi, tana shiga tana fita tana lissafa mata samarin unguwa masu gemu har ƙirji. Solange kuwa ta ci gaba da hidimarta. Ta dafa wa mahaifinta miyar wake da yake so, ta jera masa magungunansa na hawan jini, ta gaishe shi ko bai amsa ba. In ta shiga ɗaki sai ta ƙura wa waya ido, tana tsoron Warren ya gaji ya kama hanyar garinsu.

Ranar Lahadi da rana za a yi wasan ƙarshe. Ana saura kaɗan a fara aka ƙwanƙwasa ƙofa. Réjean da kansa ya buɗe, sai ga Warren.

"Baba, ba kallo na zo ba. Hutuna ya ƙare, gobe zan koma, kuma ba na so in tafi kana ganina mutumin banza." Ya faɗi komai, yana tuntuɓe da kalmomi: neman aikin, gwajin, dalilin askin. "Ban san ko na ci ba, sai nan gaba za su faɗa. Mai yiwuwa in faɗi. Shi ya sa na hana ta gaya maka."

Tsohon ya juyo ga 'yarsa. "Kin sani? Ina ta zaginsa kina ji, kika yi shiru?"

"Alkawari na yi, Baba," ta ce hawaye na zuba.

Réjean ya juya ya shige banɗaki ya turo ƙofa. Suka ji ƙarar ruwa. A talabijin an fara taken ƙasa, Gwaggo sai ƙwala masa kira take, "Réjean! Za a fara! Ka taɓa makara kuwa?" Solange ta riƙe hannun kujera, tana tunanin ko jininsa ne ya hau.

Ƙofar ta buɗe. Tsohon ya fito ba ko gashi ɗaya a haɓarsa, har da yanka biyu da ya manna wa auduga.

"Wayyo ni Gaétane! Ka kashe mu! Yau ake wasan ƙarshe!"

"In an ci mu, mu biyu muka jawo," ya ce. Ya dubi Warren. "Ba gemunka ne ya ba ni haushi ba, yaro. Dalili nake nema, ka kuwa ba ni. Na ba ka ita. Ka ci gwajin ko ka faɗi, na ba ka. In ma Toronto ce ku je. Shekara nawa ina tuƙa bas, hanya ba za ta gagare ni ba."

Solange ta faɗa jikinsa tana kuka tana dariya. Ya bubbuga bayanta, ya ce ta yi a hankali kada ta ɓare masa auduga.

An ci Montreal a ranar, an fitar da su, garin ya yi tsit kamar an yi mutuwa. A gida ɗaya ne kawai aka ji ana gardamar ranar biki, Gwaggo na rantsuwa ƙafarta ba za ta taka Toronto ba ko da can za a yi bikin.

Da Solange ta yi fushi ta bi saurayi, da ta rasa uba. Da ta karya alkawari, da ta samu yardar da aka saya da sharaɗi. Haƙurin da ta yi ne ya bar mata su duka biyun. Iyaye kuma su riƙa faɗin abin da suke tsoro a fili, domin sau da yawa wanda suke kora shi ne ke faɗi-tashin yadda zai zauna kusa da su.