Tururi a Tanderun Yahuza

Yahuza mai burodi ne a Mairuwa. Tanderunsa na bayan gari, gefen fadama. Ƙasan tanderun wani faifan ƙarfe ne mai kauri da ya sayo wurin 'yan gwangwan a Kaduna. Barau mai walda, wanda ya girka masa shi, ya ja masa kunne tun ranar.

"Wanga ƙarfe an gauraya shi da wani ƙarfen, nikel. Ka ga baƙar fatar da wuta ta yi mashi? Ita ke tsare shi. Busasshiyar wuta ba ta cin shi. Amma tururi, in ya same shi da zafi, ɓare fatar yake. Ya yi wata fatar, a sake ɓarewa, har ƙarfen ya ƙare. Kar ka sa ɗanyen icce, kar ka kai mashi ruwa."

Yahuza ya kiyaye, har damina ta yi tsakiya, matarsa Barakatu ta haifi 'ya mace. Ko suna ba a yi ba.

Ran nan ya makara. Ma'aikata sun watse, rana ta faɗi, hadari ya haɗo daga gabas. Yanzu kuwa ba mai son duhu ya riske shi a bayan gari. Ya riga ya ɗaura iccen wankan jego a babur. Saura garwashi, jajir, ga iska na neman kwasarsa zuwa rumfar icce.

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san ba a watsa wa wuta ruwa da almuru sai da bisimilla. Shi ma ya sani. Sauri ne kawai. Ya buɗe bakin tanderu ya sheƙa bokiti guda.

Ƙarfen ya yi tsuwa. Tururi ya turnuƙe ɗakin. Yana jin fatar faifan na tsagewa, ƙas, ƙas, ɓarɓashinta na faɗo masa a ƙafa. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika masa hanci. Sai ƙauri ya biyo baya, irin na gashi.

Sai kukan jariri. Daga cikin tanderu.

Ya juya ya nemi ƙofa. Bango. Ya lalubi ɗaya gefen. Bango.

Tururin bai baje ba. Taruwa ya yi wuri guda, ya miƙe har rufin kwano, ya sunkuyo. Mace ce, rungume da wani abu.

"Sanyin damina ya koro mu," in ji ta, da raɗa, daidai kunnensa. "Nan nake kwantar da shi. Da ka ambaci Allah, da na ɗauke shi."

Ta miƙo masa jaririn da ke hannunta.

"Dubi bayansa."

Bai duba ba. Ya runtse ido.

"Kai ma kana da jinjira. Ruwan wankanta ya tafasa."

A cikin tururin nan ya ji gidansu. Ya ji ƙarar ƙwarya a bakin tukunya. Ya ji muryar mahaifiyarsa, Hajiya, tana cewa, "Barakatu, miƙo min ita."

Ya durƙusa a gabanta.

"Baiwar Allah," ya ce da kyar, "ita ba ta yi maki komai ba. Hannun nan ne ya watsa. Ga shi."

Ya miƙa na dama.

Kukan jaririn ya tsaya.

Wani abu mai zafi da danshi ya naɗe shi daga yatsu zuwa gwiwar hannu. A hankali, yatsa bayan yatsa.

Sai a nan A'uzu ta fito masa. Ya tsinci kansa a waje, kife a laka, ruwan sama na dukansa.

Da ƙafa ya isa gida, yana faɗuwa yana tashi. Ya tarar da Hajiya a ƙofar ɗaki, ta ƙanƙame jaririyar.

"Mi ka taɓo, Yahuza? Tururin tukunya ya taso ya tsaya bisa yarinyar nan kamar mutum. Ya daɗe. Sai ya juya ya fice."

Ya karɓi 'yar da hagu, ya buɗe zanen. Ko tabo babu.

Ya bar burodi, ya koma gona. Hannun ya warke da baƙar fata mai tauri, amma ko tururin shayi ya taɓa ta sai ta ɗaye, ya yi jinya, wata ta fito. Kullum hannun ƙara sirancewa yake. In za a buɗe tukunyar tuwo, fita yake zaure.

Yarinyar, Amatullah, yanzu ita ke kai masa abinci. Ba wanda ya gaya mata komai. Amma takan tsaya daga nesa, ta yi ta hura kwanon sai ya huce, sannan ta ce, "Baba, ya yi sanyi, ci."