Yaran Jiratawa Tara

"Daga wannan Asabar ɗin, kada ki sake zuwa Jiratawa."

Na ɗago kai na dubi Mompe Andire, limamin majami'armu ta Katolika.

"Mompe... me na yi?"

"An ce ba don yara kike zuwa ba, Sisiliya. An ce don Gado ne."

Na san wadda ta kai maganar. Monika ce, shugabar mawaƙanmu. Tun bara take aika wa Gado abinci har lambunsa na zogale, shi kuwa godiya kawai yake maido mata da ita.

Shekara biyu ina hawa kabu-kabu daga Sabon Gari duk Asabar, ina koya wa yara tara addu'o'i da labarin Yesu a ƙarƙashin mangwaron gidan Gado. Gidajen Kirista huɗu ne a unguwar tasu, duk ƴan lambu. Gado ke share wurin, ya shimfiɗa tabarmi, ya koma gefe yana gyaran tiyon ban ruwa kamar ba ya jinmu.

Ina son shi, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa yanke darasin yaran nan saboda shi ba.

"Saura mako shida idin Paska, Mompe. Shida cikinsu za su karɓi Jibin Ubangiji karon farko. Wa zai shirya su?"

"Gara su jira baɗi da a ɓata miki suna."

A gida, Gwaggo Ladi da ta raine ni ko tausayina ba ta ji ba.

"Dama na faɗa miki. Kin yi lakwal, kin yi boko har kin zama malama, sannan ki ƙare da wanda bai iya rubuta sunansa ba? In na je garinmu Tibiri me zan ce wa dangin ubanki?"

Da la'asar na kira Gado a waya.

"Gado, kada ka sake nemana sai Paska ta wuce."

"Hasken idona... laifin me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Amma in aka sake ganinmu tare, yaran ne za su cutu."



"To. Su kuma yaran fa?"

Na kashe wayar, na kifa kaina a kan matashi.

Mako biyar ban ji muryarsa ba. Duk Asabar sai in tsinci kaina na saka littattafai a jaka, sannan in tuna babu inda za ni.

Ana saura kwana takwas idi, muna sharar majami'a da matan zumunta, sai ga motar kayan lambu ta Idirisa, maƙwabcin Gado Musulmi, ta tsaya a bakin ƙofa. Yara tara suka diddiro, kowa ya sha wanka da mai.

Gado ya biyo bayansu, ya cire hula, ya durƙusa gaban Mompe. Ko kallona bai yi ba.

"Mompe, a gwada su. In ba su iya ba, mu koma."

Mompe ya ja kujera. Addu'ar Ubangiji, Gaisuwar Maryamu, Dokoki Goma... babu wanda ya yi tuntuɓe. Sai ya juya ga ƙaramarsu, Hannatu.

"Me ya sa muke neman gafara kafin mu karɓi Jibin?"

"Saboda ba a zama cin abinci da Baba da hannu mai dauɗa."

Mompe ya yi dariya har da cire tabarau.

"Wa ya koya muku haka?"

"Kawu Gado," suka haɗa baki.

"Ashe ka iya karatu?"

"A'a, Mompe. Shekara biyu ina sauraren malama daga gefe. Da hira take zuwa yi da ni, da ban haddace ko layi ɗaya ba." Ya sunkuyar da kai. "Ina son ta, wannan gaskiya ce. Amma yaran nan ta fara so kafin ni."

Tsintsiya ta suɓuce daga hannuna. Hawaye suka zubo, ban ma share ba.

Monika ta ajiye bokiti ta fita ta ƙofar baya.

"Sisiliya, ki gafarce ni," in ji Mompe. "Na saurari magana ban bincika ba. Ranar Asabar ki koma wa ajinki."

Gwaggo, da ke cikin masu sharar, ta tako a hankali, ta tsaya a kan Gado tana ƙare masa kallo.

"Kai, ɗan nan."

"Na'am, Inna."

"Bayan idi ka turo manyanka Tibiri."

"Gwaggo!" Na riƙe bakina.

"Amma da sharaɗi. In Allah ya kawo jikoki, kai za ka koya musu addu'a. Ita ta cika faɗa."

Sai a lokacin Gado ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun cika da ƙwalla, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Farkon damina aka ɗaura mana aure a gaban bagadin majami'armu. Yaran Jiratawa ne suka yi mana waƙar shiga, kowa da tasa muryar, Monika kuwa da kanta ta tsaya gabansu tana jagorantar waƙar da hannu.