Abin da Ke Kashe Madam

Rana ta yi ja, haskenta na kwance a kan duwatsun Kagoro, lokacin da Silvanus ya bar cikin garin Kafanchan a kan babur. Ya ɗaure sabon faifan tef a bayansa da roba. Sito na citta zai je, can bayan gari, inda wani kamfani ya ajiye kwamfuta mai girman kabad ɗin amarya, tana lissafa buhuna da taragon jirgin da zai kwashe su.

Leburori sun raɗa mata suna Madam, don ita kaɗai ke da ɗaki mai sanyi, kuma ba ta gaida kowa.

To, Madam ta tsiro da wani hali. Kullum da almuru sai ta mutu. Fitilunta su ƙame, ta manta duk abin da aka yini ana zuba mata. In aka tashe ta, sai ta farka kamar ba ita ba, ba ta san me ya buge ta ba. Manaja ya gaji. Ya ce wa Silvanus, shi da aka tura har Zariya ya koyo aikin, ko dai ya gano abin da ke kashe ta, ko ya ajiye makulli ya koma gona.

Silvanus ya yi dabara irin ta masu aikin. Babban shirin da ke riƙe da komai a cikin na'urar, shi yake kira zuciya. Sai ya keɓe wani ɗan lungu a ƙwaƙwalwarta, inda zuciyar ba ta isa ta taɓa ba, ya kwantar da wani ƙaramin shiri a ciki. Aikinsa ɗaya ne. Da zuciya ta faɗi, ya yi wuf ya tashi, ya damƙe duk abin da ke cikin Madam a yadda yake, ya juye shi kan tef. Gobe sai a zauna a bi a hankali, a ga ɓarawon. Da rana ma ya gwada, ya kashe ta da hannunsa da gangan, tarkon ya kama tsaf.

Doka ɗaya ce, kuma malaminsa na Zariya sai da ya buga tebur a kanta: in tef ya fara juyawa, ko ɗakin ne ke ci da wuta, ba a yanke lantarki sai ya tsaya da kansa.

A bakin sito ya tarar da Kumai, mijin yayarsa Lai'atu, wanda ke kula da janareto. Yana zaune a kan buhu yana wasa adda.

"Injiniya! Ka zo jinyar budurwarka?"

"Yaya Kumai, yau dai ka rufa mini asiri. Kome ka ji, kada ka taɓa janareto."

"Ni ina ruwana? Lai'atu ya ce in ka gama ka zo ka ci tuwon acca. Ya ce wai ka rame, ƙarfe ya hana ka aure."

Suka shiga tare. Silvanus ya ɗora faifan, ya zarga tef ɗin, ya ja kujera. Kumai ya jingina addarsa da bango ya tsaya a ƙofa yana hamma. Ɗakin sai ƙamshin busasshiyar citta da gurnanin fanka. Fitilun Madam na ta ƙifce-ƙifce, ja da kore.

A waje kaji suka gama hawa. Gyare suka fara kuka.

Sai suka yi shiru gaba ɗaya.

Wani ƙauri ya shigo, irin na gashin akuya a wuta. Silvanus ya ji abu ya goge shi a ƙwauri, mai sanyi, mai laushi, ya wuce ƙarƙashin tebur. Ya duba. Babu komai. Amma ragar da Madam ke shan iska ta cikinta ta lotsa ciki a hankali, kamar wani ya matsa ya shige.

"Ka ga wannan?" Kumai ya raɗa.

"Shhh."

Fitilu suka ƙame. Madam ta mutu.

Ƙas! Tarkon ya tashi. Faifai ya fara juyawa.

Silvanus ya buɗe baki zai yi dariyar murna, sai ihu ya tashi daga cikin kabad ɗin. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake yanka alade ya san rabin wannan kukan. Sauran rabin na mutum ne.

Gwaram! Ƙofar ƙarfen ta kumburo waje. Gwaram! Ta sake kumbura. Injin buga rubutu ya kama duka shi kaɗai, har haƙoransa na tsalle suna faɗuwa ƙasa.

"Yesu! Yesu Kiristi!" Kumai ya juya zai ruga wajen janareto.

Silvanus ya cafke masa riga. "Kada ka kashe! Tef na tafiya!"

"Kai mahaukaci ne? Sake ni!"

"Saura kaɗan, Yaya! Aikina ne a kan faifan nan!"

Suna wannan kokawa, ragar ta tsage. Hannu ya fito.

Baƙi ne, siriri kamar muciya, da gwiwoyi fiye da na kowace halitta. Ya yi ta tsawo yana lalube. Ya kama ƙafar tebur, ta karye. Ya kama kujera, ta wargaje. A nan Silvanus ya gane. Wani abu ne ke zuwa kwana cikin ɗumin Madam kullum da almuru, yau kuma tarko ya damƙe shi tare da sauran kaya, tef na nannaɗe shi ciki zare-zare. Neman abin riƙewa yake.

Ya samu idon sawun Kumai.

Ya fizge shi. Kumai ya faɗi ta fuska, haƙori ya yi tsalle, jini ya fantsama a siminti. Hannun ya ɗaga shi ya maka da bango. Ya sake makawa. Sannan ya fara jan shi zuwa ragar, ramin da ko kan kyanwa ba zai shige ba.

Faifai na juyawa.

Silvanus ya dubi tef ɗin. Ya kusa cika. Wallahi ya kusa. Kaɗan ya rage ya samu abin da babu wani injiniya a ƙasar nan da ya taɓa kamawa. Ya ci gaba da kallon faifan.

Tafin ƙafar Kumai ya kai bakin ragar.

Ƙashi ya ce ƙaras.

"Silva…" Muryar ta fito da jini. "Ƙanina…"

Janareto na da nisa. Addar na kusa.

Silvanus ya sure ta da hannu biyu, ya sari ƙatuwar wayar da ke shiga bayan Madam.

Wuta shuɗiya ta tashi. Ta ɗauke shi ta jefa kan ƙofa.

Duhu.

Faifai ya yi ƙiii, ya tsaya.

Numfashi. Ba nasa ba, ba na Kumai ba. Kusa da kunnensa, mai zafi, mai ƙauri.

Mari ya sauka a fuskarsa, har ya ji kunnen ya toshe. Wani abu ya taka masa ƙirji, haƙarƙari ya ba da ƙara. Sai kwanon rufi ya yage kamar takarda, taurari suka bayyana ta ramin. Kukan ya yi sama, ya nufi daji, yana jan kansa kamar dabbar da ta bar ƙafarta a tarko.

Silvanus bai san yadda ya ɗora Kumai a babur ba. Ya dai san ya ɗaure shi a bayansa da robar nan, ya tuƙa da tafukan da suka sale, bai waiwaya ba har fitilun asibiti.

Kumai ya rayu, amma da sanda yake zuwa coci har ya tsufa. Lai'atu ta yi wata da watanni ba ta amsa gaisuwar ƙaninta ba, don mijinta ya faɗa mata wanda ya riƙe masa riga.

Manaja kuwa, da ya ga waya a sare, Madam a ƙone, rufi a buɗe, bai tsaya jin zancen aljani ba. Ya karɓi makulli. Sannan ya ciro faifan ya juya shi a hannu, ya ce ai abin da ya hau ya hau, a kai shi Kaduna a karanta a babbar na'ura. Silvanus, da bandeji har wuya, ya roƙe shi ya bar tef ɗin a inda yake, ƙofa a buɗe. Manaja ya ce a fitar masa da shi daga ofis.

Washegari manoman citta suka tsinci motar kamfanin da ta ɗauki faifan kafin a kai Kachia, ƙafafunta a sama. An ɓalle ƙofofinta ta waje. Direban na zaune a tsakanin kunyoyin gona, da ransa, ya rungume gwiwoyi, ya ƙi buɗe ido. Agogonsa na hannunsa. Jakarsa na nan. Ko lemun da ya saya a hanya ba a taɓa ba.

Faifan ne kawai babu. Mai jiki ya zo ya karɓi sauran jikinsa.