Mazarƙwailar Don Crisanto

"Fita min daga gida!"

Marleny ta ƙame da na'urar gwajin jini a hannu. Shekara uku tana aikin jinya a asibitin ƙauyen nan na bayan garin Villeta, ba a taɓa korarta ba. Yau ga Don Crisanto, mahaifin masoyinta Efraín, yana nuna mata ƙofa!

Don Crisanto kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Shekara hamsin yana dafa rake, maciji ya sare shi sau biyu, macijin ne ya mutu. Ciwon suga ne kawai ya buɗe masa gyambo a ƙafa, har likita ya fara zancen yankewa.

"Baba, sugan jininka ya hau sosai..."

"Ƙarya! Wata shida ban lasa farin suga ba! Efraín, muddin ina numfashi ba za ka auri mai ƙaryata ni ba!"

Dioselina, maƙwabciyar da ta daɗe tana harin Efraín, ta tsiyaya daga tulunta, ta miƙo wa tsohon kofi tana murmushi.

"Sha ruwan mazarƙwailarka, Baba. Wannan ai magani ne."

Marleny ta nuna kofin.

"Kofi nawa kake sha kullum?"

"Shida! Shi ya raine ni!"

"Takardar da na rubuta maka abincin da za ka guje wa fa?"

Ya taɓa hularsa. Tana ciki, a ninke tsaf, yana tare zufa da ita. Efraín ya sunkuyar da kai, ya raɗa mata, "Bai iya karatu ba, zuciyata... ba ya so a sani."

Kunya ta kama ta. Ta durƙusa gaban tsohon.

"Laifina ne, Baba. Koya min wani abu. Farin suga da me ake yinsa?"

"Ji yarinya! Da rake mana."

"Mazarƙwaila fa?"

"Da ra..."



Ya dubi kofin, ya dubi ƙafarsa. Ya daɗe yana dubawa.

"Uwarsu ɗaya," ya ce a hankali. "Wanka kawai aka yi wa ɗayan."

Ya watsar da ruwan a tsakar gida. Dioselina ta suri tulunta ta fice.

Kullum Marleny sai ta hau tudun da gidansa yake ta wanke gyambon. Ta zana masa hotunan abinci a bango, ja da kore, Efraín na riƙe mata fenti yana satar kallonta.

Wata huɗu, gyambo ya rufe!

Don Crisanto ya taka har asibiti da ƙafarsa, ya tsaya gaban masu jiran layi.

"Ku saurara, jahilai! Mazarƙwaila suga ce! Ni na gano!" Ya juyo wajen Marleny. "Ke kuma, 'yata, yaron nan ya rame. Ki aure shi mu huta."

Hawaye suka zubo mata. "Na amince, Baba!"

Ranar biki ya cire takalmi a tsakiyar rawa, ya ɗaga ƙafar sama.

"Ku ƙirga yatsun! Biyar cif!"